Saƙon da Na Gyara Kafin In Kai

Shekara tara ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Gashuwa, kuma kowace shekara akwai mako guda da nake shiga aji ina jan ƙafa. Shi ne makon da manhaja ta ce a koya wa yara yadda Bature yake ɗauko maganar wani ya kai wa wani. Yaran suna ce masa "rifotad sifich" da irin lafazin nan namu, ban kuma taɓa gyara musu ba, don ban ga abin wahalar da harshe a kansa ba.

Dokokin ba su da wuya. In mutum ya ce "ni", kai mai kai zance ka ce "shi". In ya ce "yau", ka ce "ran nan". "Gobe" ta koma "washegari", "nan" ta koma "can", abin da yake faruwa yanzu kuma a ja shi baya ya zama abin da ya riga ya wuce. Sannan a zo kan shara. A share alamar tambaya, a share kiran suna, in akwai rantsuwa ko zagi ko kuka a kwashe a zubar, a nemo kalma ɗaya mai kunya a ajiye a gurbinsu. Mutum yana cikin ruwa yana kurma ihu, littafi ya ce ka rubuta cewa ya bayyana buƙatarsa ta samun taimako. Yarinyar da ta iya wannan ita ce mai goma bisa goma, ni kuma in ɗauki jan biro in rubuta mata "da kyau".

Ina koyarwa, don da shi nake ci, jarrabawa kuma ba ruwanta da ra'ayina. Amma na raina darasin nan raini mai tsanani, kuma gadon rainin na yi daga kakata ta wajen uwa, Iya Yagana, wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa riƙe biro ba.

A gidanta na tashi a Nguru, can bayan tashar jirgin ƙasa. Sana'arta bandar kifi. Masunta sukan kawo mata tarwaɗa da karfasa da la'asar, ta farke cikinsu, ta wanke, ta lanƙwashe tarwaɗar ta soke da tsinke, ta jera su a kan ragar waya bisa rabin duro uku da ke tsakar gida. Da an idar da sallar magariba sai ta tada wuta, irin wadda ba a so ta yi harshe, sai garwashi da hayaƙi. Wannan zaman jiran kifi shi ne lokacin tatsuniyarmu. Mu biyar ne jikoki a gidan. Mukan shimfiɗa tabarmar kaba ta gefen da iska ba ta kai hayaƙi, sauro yana kuka a bayanmu amma ba ya iya matsowa. Ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno, da guntun kwali a hannu tana fifita, idonta kullum ja. In wani kifi ya fashe a kan raga, namu ne, mu raba da zafinsa muna hura yatsu. Har yau in na bi ta layin masu banda a kasuwa sai kewa ta kama ni, in tsaya ina taya kifin da ba saya zan yi ba.

Iya ba irin kakannin nan ba ce masu lallashi. Gajeriya ce, baƙa, da zanen Barebari a kumatu, muryarta a dushe, bakinta kuwa ko liman shakkarsa yake yi. Abubuwan da ta raina a duniya suna da yawa. Ta raina mai kawo kifin jiya ya ce na yau ne, ta raina shayin da ba citta, da wayar salula ta shigo gari ita ma ta raina ta. Amma babu wanda ta raina kamar ɗan aiken da yake gyara saƙo.

Tana da nata tsarin aike, duk unguwa an san shi. In za ta aike ka, sai ka tsaya a gabanta ta faɗi saƙon, ka maimaita sau uku, kalma bayan kalma. Mu jikoki Hausa ta fi Barbarci zama a bakinmu, saboda haka da ita take ba mu, don kada wani ya ce bai gane ba. In ka isa, ka yi sallama ka gaisa da bakinka, sannan ka ce, "Ga bakin Iya Yagana." Daga nan kai ba kai ba ne. Abin da ta ce shi za ka ce, yadda ta ce shi, da "ni" ɗinta da tsakinta. Ina 'yar shekara takwas na tsaya a gaban Malam Ali mai itace, dattijo mai farin gemu, cikin mutane, na ce masa, "Kai Ali, itacen jiya ɗanye ne, ya baƙanta mini kifi. In ka sake kawo mini irinsa, kai zan ɗora a duro." Mutane suka yi ta dariya, shi ma ya yi, ya ce in gaya wa Yagana ya ji. Ba wanda ya ce yarinya ta yi rashin kunya, don kowa ya san ba ni ce na yi magana ba. In ka dawo ma haka, sai ka ce ga bakin wane, ka zube mata amsar yadda aka ba ka.

Maraicen da na fi tunawa Kawu Abba ne ya jawo shi, wani ɗan yayarta da yake akawu a sakatariya, mutum mai farar shadda da biro biyu a aljihu. Ta aike shi wajen mai unguwa a kan kwatar da take zubo mana ruwa a ƙofar gida. Ya dawo ya tsaya nesa da hayaƙi don kada ya kama masa riga, ya fara bayani cewa a taƙaice dai mai unguwa yana nufin za a duba lamarin. Iya ta ce ba ta tambaye shi nufin mutum ba, me ya ce? Kawu ya ce ai abin da ya fahimta ke nan. Ta ce fahimtarsa ya kai ta ofis, can ne ake da buƙatarta. Ya fita yana gyara hula. Ta raka shi da tsaki mai tsawo, ta juya kifi, ta ce mu matso.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake yi. Cewa take, "Ga ta nan ta sauka, mai kunne ya kawo kwano." Mu kuma mu ce mun kawo.

Ta ce Tafki da Kogi ciki ɗaya suka fito, Tafki mace, Kogi namiji. Kogi mai yawo ne, ita kuwa mai zaman gida ce da tulin 'ya'ya, kifaye manya da ƙanana. Duk shekara Kogi yakan yi ambaliya ya leƙo ta, ya cika mata gida da ruwa, ya koma. Wata shekara sai ya makara. Rana ta yi ta shan Tafki har ta koma kamar faifai, 'ya'yanta suna haki. Ta nemi wanda za ta aika. Kwaɗo ya ce zai je, amma kafin ya kai an yi mata arba'in. Zalɓe kuwa ba a ba shi amanar gidan da yake da kifi. Sai ga Balbela, da farar riga kamar yanzu aka ɗauke mata dutsen guga, wadda ta taɓa zama a garken shanun fada har ta ji yadda fadawa suke magana.

Tafki ta ce mata, "Je ki ce masa: Kogi, ina mutuwa. 'Ya'yana suna birgima a taɓo. Ka taso yau." Iya ta faɗi wannan da wata murya a shaƙe, ƙasa-ƙasa, har ƙanena Bukar ya matso jikina.

Balbela ta tashi. Tana tafe tana juya maganar tana jin ƙyanƙyaminta. Ita da wannan riga, ta shiga gaban kada da dorina da sauran manyan ruwa, ta buɗe baki ta ce "ina mutuwa"? A ce mata me? Kuma wace irin magana ce wannan, ba gaisuwa ba kirari? Da ta isa sai ta rusuna, ta ce Tafki tana gaishe da mai girma, tana tambayar iyali, ta kuma ambata cewa kwanakin nan an ɗan taɓa zafi a wajensu, za ta yi farin ciki da ziyara idan hali ya yi. A nan Iya ta miƙe wuya, ta tsuke baki, ta riƙa ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya daga zaune, mu kuwa dariya har da hawaye. Fadawan ruwa suka yaba, suka ce ba su taɓa ganin ɗan aike mai iya zance irin wannan ba. Kogi ya ce madalla, a gaishe ta, bari ya gama da masu shinkafa zai leƙo.

Da ya leƙo, ƙasa ya tarar ta tsattsage, ga ƙayar kifi ko'ina. Ya yi ta kira ba amsa. Can sai Gaiwa, kifin nan da yake binne kansa a taɓo ya jira ruwa, ta ji danshi ta fito, ta faɗa masa abin da 'yar uwarsa ta ce, yadda ta ce shi. Kogi ya sa aka kamo Balbela. Bai taɓa rigarta ba, ya ce ta riƙe tunda ita ta fi so. Maganar ya karɓe. Shi ya sa har yau ba a jin Balbela tana cewa komai, sai bin gindin saniya tana cin kaska, riga fara ƙal.

"Ta ƙare," in ji Iya. "Wanda ya ƙara mata gishiri ya sha shi kaɗai."

Bukar ya ce to ai Balbela ba ƙarya ta yi ba, ladabi ta yi. Iya ta dube shi kamar ta ga ƙuda a nono.

"Ladabi? Tsoron a yi mata dariya ta ji, ɗan nan. Rigarta ta kai wa Kogi ya gani."

Sannan ta ce ya tashi ya ɗebo buntun shinkafa a ƙara a wuta.

Na shiga sakandare, aka koya mana darasin nan da nake koyarwa yanzu, na cinye makin duka. Da rawar kai na zo ina yi wa Iya bayani cewa Turawa ma suna da dokar kai saƙo, tasu a rubuce take, ba irin tamu ta gargajiya ba. Ta saurara har na gama jero mata su. Ta tambaye ni, in mutum ya ce "zo yanzu", yaya ake kai wannan? Na ce sai a ce ya nemi a je a lokacin. Ta ce wane lokaci? Na ce wancan lokacin. Ta kalli farin hijabina na makaranta sama da ƙasa, ta ce ashe Balbela ta buɗe makaranta. Sunan ya bi ni a gidan shekara da shekaru. Ni kuwa a raina na ce tsohuwa ce kawai, ba ta waye ba. Na fara jin kunyar tsarinta, in ta kira ni aike sai in san dabarar da zan tura wani cikin ƙannena.

Iya tana da ƙane ɗaya da ya rage mata a duniya, Baba Modu, ita ce ma ta goye shi. Masunci ne kamar ubansu, amma da ciyawar kacala ta cinye ruwan da suke su, sai ya tattara ya koma Gashuwa noman tattasai a bakin kogi. Da zai tashi ya ɗauki kwale-kwalen ubansu ya ba wani abokinsa kyauta, bai shawarce ta ba. Iya ta same shi a wani taron suna, cikin surukansa, ta yi masa kaca-kaca, ta rufe da cewa kada ya sake taka mata gida. Shi kuma ya rantse da Allah ba zai taka ba sai ta kira shi da bakinta. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Tsakanin Nguru da Gashuwa tafiyar sa'a ɗaya ce da ɗan abu, amma a taurin kai ba wanda ya fi wani a cikinsu. Manya sun shiga har sun gaji. Duk wanda ya je sai ya tausasa maganar wannan kafin ya kai wa wancan, su kuwa sun san juna, da sun ji zance ya yi laushi sun san ba daga can ya fito ba. Tun suna yara da zagi suke gaisawa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tare da ta haɗa masa da "shashasha" ba, shi kuma ya amsa.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai a Gashuwa, ina da ashirin da uku, ƙafafun Iya suka fara kumbura. Na zo gida ƙarshen mako cikin bazara na tarar durorin banda a kife, an jingine raga a bango. Ranar Lahadi da hantsi ina haɗa jaka ta kira ni ɗakinta, ta ce za ta aike ni wajen Modu. Mahaifiyata ta ce a buga masa waya mana, ga lambar ɗansa. Iya ta ce maganar shekara goma sha ɗaya ba za ta jefa ta a iska ba, jininta ne zai kai ta da ƙafa. Ta ce in tsaya. Na tsaya.

"Kai Modu, shashasha, ni ce Yagana. Ƙafata ta kumbura, ba zan ga damina ba. Ka bar tattasan nan ka zo. Ka zo in zage ka son raina a kan jirgin babanmu, sannan in yafe maka, kai ma ka yafe mini."

Na maimaita sau uku. A na ukun muryata ta yi rawa, ta ce ita ba ta yi kuka ba da ta faɗa, in sake. Na sake. A mota ma na yi ta bitarsa a zuci har muka wuce Jajimaji, ba kalmar da ta zube mini. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin mantuwa.

Washegari da la'asar na same shi a filin shanya. Jan tattasai a baje har inda ido ya tsaya, ana ta atishawa ana cusa buhuna. Yana zaune a inuwar rumfa da manyan 'ya'yansa biyu, da dillalai, da wasu fatake da suka zo da mota. A gefensa kuma, da kofin shayi a hannu, ga wani malaminmu na sashen Turanci, ashe gonarsa tana maƙwabtaka da ta Baba. Mutumin nan a makon da ya wuce ya karanta rubutuna a gaban aji ya ce kowa ya yi koyi da ni. Ya gan ni ya yi murmushi, ya ce wa Baba ashe jikarsa ce, yarinyar nan akwai iya tsara magana.

Na durƙusa na gaishe su. Abin da ya rage in ce ga bakin Iya Yagana. Na kalli dattijo mai jikoki, na kalli baƙi, na kalli malamin, na ji ba zan iya buɗe baki in ce "shashasha" ba. Da na roƙi in gan shi a gefe da shi ke nan, amma ban roƙa ba, don so nake a ji ni. Sai na gyara murya na ce Iya tana gaishe shi da kyau da kyau, ta ce kwanakin nan ba ta jin daɗin jikinta sosai, ta kuma nuna za ta so ganinsa idan ya samu sarari, don a daidaita abin da ya wuce. Malamin ya gyaɗa kai. Wallahi har daɗi na ji.

Baba Modu ya daɗe yana kallona.

"Yagana ce take gaishe ni?"

Na ce eh.

"Da kyau da kyau," ya ce, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ya gaya wa na kusa da shi cewa tun da uwarsu ta haife shi Yagana ba ta taɓa gaishe shi ba. Ko dai mahaifiyata ce ta tsara wannan, ko kuwa Yagana ce take nuna masa har yanzu baƙo ne shi a wajenta. Ya juyo ya ce in ce mata yana amsawa, Allah ya ƙara sauƙi, in an gama kwashe tattasai a gani.

A nan ya kamata in gyara ɓarnata, ban gyara ba. Na karɓi lemon kwalba da aka miƙo mini na sha. Na ce a raina gobe zan dawo in same shi shi kaɗai. Gobe ta zo da gwaji a aji, jibi da wanki, gata kuwa na ce ai ma'anar duka ɗaya ce, na isar. Karatuna bai rage ni da komai ba wajen ƙirƙiro wa kaina hujja.

Da Asabar ta zagayo na koma Nguru. Iya tana kwance, ta ji sallamata ta yunƙura ta zauna. Na ce ga bakin Baba Modu, na faɗa mata amsarsa daidai yadda ya ba ni. Wannan kam ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Ta dube ni ta ce:

"Yadda na ba ki kika ba shi?"

Na ce eh.

"Har da shashashan?"

Na ce har da shi.

Ta koma ta kwanta ta juya fuskarta bango. "To, ya riƙe ke nan," ta ce. Ba ta ƙara ambaton sunansa ba. Ita da ba ta yarda da kowa a kan saƙo, ni ta yarda da ni, don ita ta koya mini da kanta.

Kwana goma sha biyu bayan nan ta rasu, ranar Alhamis da safe. Aka buga wa ɗansa waya. Baba Modu ya iso a gaban motar tattasai da taɓon gona a ƙafarsa, ya tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta. Bai shiga gidan ba. Rantsuwarsa tana nan, a saninsa ba a kira shi ba. Ya zauna a tabarmar ƙofar gida kwana uku yana karɓar gaisuwa, a masallaci yake kwana, abinci kuma sai dai a miƙo masa waje. Mata suna ta gulma a ciki, wai kun ga taurin zuciya, 'yar uwarsa ta aika ya ƙi zuwa, yanzu kuma ya zo yana sunkuyar da kai. Ina jin su, na ci gaba da raba musu dabino.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, saura shi da liman da 'yan tsofaffi, na fito na durƙusa a gabansa. Na ce, "Ga bakin Iya Yagana." Ya ɗago kai. Na faɗa masa duka, tun daga zagin har zuwa yafiyar, ban yi kuka ba tunda ita ba ta yi ba.

Ya tambaye ni yaushe ta ba ni wannan. Na ce shi ne saƙon da na je da shi ranar da na same shi a shanya. Na jira ya mare ni, da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Ko kallona bai yi ba. Ya miƙe, ya cire takalmansa a bakin zaure, ya shiga. Ya ratsa mata ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya ce, "Na'am, Yaya. Ga ni." Daga nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara, baki buɗe.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Balbela a kan maƙaryata take. Sai daga baya na gane Bukar yana da gaskiya a abu ɗaya. In ka cire gaisuwar da kowa yake ƙarawa, Balbela ba ta yi ƙarya ba, ni ma a filin shanya ban yi ba. Iya ba ta jin daɗin jikinta, gaskiya ne. Tana son ganinsa, gaskiya ne. Da a takardar jarrabawa ne ba malamin da zai rage mini maki. Ƙaryar daga baya ta zo, don ta rufa wa gyaran asiri. Shi ya sa har yau ba na iya sauraron masu wannan sana'a raina bai ɓaci ba: mai magana da yawun wane da zai fito ya ce jama'a sun bayyana damuwarsu alhali ruwa ya ci gonakinsu suna kuka, da mai shiga tsakani da yake tace magana har ta zama ruwa, sannan ya dawo yana jiran a ce masa mai hikima. Na san su sarai, na san abin da suke karewa, don na taɓa durƙusawa a inda suke. Rainin da nake yi musu kuwa da kaina nake farawa.

Baba Modu ya yi shekara shida bayanta. Da na samu aiki a Gashuwa nakan je gaishe shi duk Juma'a. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai kuma taɓa ce mini ya yafe mini ba. Abu ɗaya yake nema. In mun gama gaisawa sai ya kori jikoki, ya gyara zama, ya ce, "To, ba ni." In ce ga bakin Iya Yagana, in zage shi, ya amsa, in kai ƙarshe. Haka muka yi har Juma'arsa ta ƙarshe. Shi dai saƙonsa ya same shi ko da a makare, ya ji shi har ya haddace. Ita kuwa ta tafi da amsar da na kai mata, tana ganin ƙanen da ta goya ya ji kiranta ya zaɓi tattasai. Kuma duk Juma'a, in na gama, sai ya ba ni tasa amsar, ya sa in maimaita sau uku yadda ta koya mana: "Ki ce mata na yafe, ki ce mata ga ni nan tafe." In maimaita, in yi masa sallama, in fito da ita a bakina in tsaya a bakin titi, ba ni da inda zan kai ta.